Yadda ake sabunta jerin bayanan da ba ya karɓar gyara

A harshen rubuta manhaja na Scala, wanda Martin Odersky ya tsara a Suwizalan aka kuma fitar da shi a 2004, jerin bayanai na asali ba ya karɓar gyara. Da zarar an gina shi, ba a ƙara masa kome, ba a rage masa. Wannan ɗabi'a ce ta salon rubutu mai ɗaukar kowane aiki tamkar lissafi, irin na Haskell da Clojure.

To, yaya mai rubutu zai yi idan ya ajiye irin wannan jeri a cikin aji, wato samfurin da ake ƙera abubuwa a kansa, sannan buƙatar ƙari ta taso? A ce ajin rajistar mambobin wata ƙungiya ne mai sunaye 1,000, ga sabon mamba ya zo.

Wasu sukan ayyana gurbin jerin da kalmar var, su gina sabon jeri, su maye gurbin tsohon da shi. Dabarar tana aiki, sai dai ta dawo da matsalar da aka gudu. Idan sassa biyu na manhajar suka yi ƙari a lokaci guda, ɗaya na iya shafe aikin ɗaya, suna ya ɓace ba tare da wata alama ba.

Hanyar da ta fi dacewa da salon ita ce a bar gurbin a val, aikin ƙarin ya samar da sabuwar rajista sukutum, galibi ta umarnin copy. Duk wanda ke riƙe da tsohuwar zai ci gaba da ganinta yadda take.

Mai karatu zai yi zaton ɓarnar ma'ajiya ce. Ba haka ba ne. Idan an ɗora suna a goshin jeri, gurbi ɗaya kacal ake ƙirƙira, ya nuna tsohon jerin, dukansu su yi tarayya a sunaye 1,000 ɗin.

Amma kada a ruɗi kowa da cewa wannan na adana tarihi. Tsohuwar rajistar da babu mai riƙe da ita, manhajar kan share ta da kanta. Mai son a iya bin sawun kowane canji, dole ya adana kowace siga da gangan, kamar yadda Git yake yi tun 2005.