Bin Ruwan Tiga Har Zuwa Kura

A kudancin Faransa akwai wata tsohuwar hanyar ruwa da aka haƙa da hannu, Kanal du Midi, wadda aka buɗe a 1681. A yau masu yawon buɗe ido ne ke hayar ƙananan jiragen ruwa suna bin ta a tsanake, suna yada zango gari-gari. Shi kuwa kanal ɗin da ya ratsa ƙasar Bunkure da Kura ba na shiga jirgi ba ne. Don gona aka haƙa shi, kuma ƙofofin raba ruwa da gajerun gadoji ba za su bar kwalekwale ya yi nisa ba. Mai son ganinsa sai ya hau keke ko babur ya bi ta gefensa.

Ruwan daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala a 1974. Yana bi ta tafkin Ruwan Kanya ya shiga babban kanal, can gaba ya rabu gida biyu, reshen gabas da na yamma. Babu injin da ke tura shi, gangara ce kawai. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da shi.

Da rani ya fi daɗin bi. Ga alkama kore shar, ga manomi ya naɗe ƙafar wando yana buɗe wa kwamin albasa ruwa da fartanya, ya toshe wannan ya fasa wancan. A wajen Kadawa tumatir ne sarki. Kwanduna jere a Kwanar Gafan suna jiran motocin Kudu, wanda ya rasa mai saye kuwa a yanka shi a shanya ya zama kauɗa.

Kura kuwa ta sauya sana'a. Da can rini ne ya fitar da sunanta, har Buzaye na sahara suna neman rawani ɗan Kura mai sheƙi. Yanzu ƙarar injinan casa za ta tarbe ka, ga shanshera an turara an baza a rana.

Sai dai ba kowa ruwan ke isa daidai ba. Inda kachalla da taɓo suka cushe ƙananan magudanai, na kusa da ƙofa ya sha ya ƙoshi, na can ƙarshe kuwa sai ya haƙa rijiyar burtsatse ya sayi fetur.