Kilomita 15 Kafin Assamaka

Motocin jami'an tsaron Aljeriya kan tsaya a wani fili na Sahara da ake kira "Point Zéro". A nan ake sauke mutane, a nuna musu kudu. Daga wurin zuwa Assamaka, garin farko a ƙasar Nijar, tafiyar kusan kilomita 15 ce a ƙafa cikin rairayi, ba inuwa, ba rijiya. Da yawa kan iso ba waya ba kuɗi, domin an ƙwace tun lokacin kame. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ce sama da mutum 30,000 Aljeriya ta koro zuwa Nijar a 2024 kaɗai.

Korar iri biyu ce. 'Yan Nijar, ciki har da mata da yaran yankin Kance da ke tafiya bara, ana mayar da su ne bisa yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka ƙulla a 2014, kuma mota ke kai su har cikin gari. 'Yan Mali, Gini, Kamaru da Najeriya kuwa ba su cikin wannan yarjejeniya. Su ne ake zubewa a jeji.

Ba wanda ke musun cewa kowace ƙasa na da ikon tsare iyakarta. Sai dai ikon yana da sharaɗi. Sashe na 12 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi ta 1981 ya haramta korar baƙi jumla guda, sashe na 33 na Yarjejeniyar 'Yan Gudun Hijira ta 1951 kuma ya hana mayar da mutum inda ransa ko 'yancinsa ke cikin haɗari. Aljeriya ta amince da duka biyun. Abin da yarjejeniyoyin biyu suke nema a aikace shi ne a tambayi kowa sunansa da dalilin fitowarsa, a ba shi damar kare kansa kafin hukunci. Wanda aka kwaso daga wurin aikin gini a birnin Oran na Aljeriya aka loda a mota ba a yi masa ko ɗaya ba. A 2020 Human Rights Watch ta ruwaito cewa cikin waɗanda aka kora har da masu neman mafaka da ke da rajista da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR.

Hukumar kare haƙƙi ta Afirka ta taɓa yanke irin wannan shari'a: ta kama Zambiya da laifi kan korar 'yan Afirka ta Yamma 517 a 1992. A Assamaka kuwa, nauyin ruwa, magani da makwanci yana kan hukumar kula da ƙaura ta duniya IOM, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da mutanen garin.