Tartsatsin Hunturu da Jarkar Fetur

Da zarar hunturu ya kankama, sai ka ji mutane suna cewa ƙofar mota ta ja su, ko sun yi musabaha wani abu ya tsira musu a yatsa. Mai yaye bargo cikin duhu ma yakan ga ɗan haske yana ƙyas-ƙyas. Wasu su danganta shi da iskoki, wasu su ce ƙarancin jini ne. Ba ko ɗaya. Lantarki ne, na gaske, wanda gogayya ke tarawa a jiki.

Kowane abu yana ɗauke da ƙananan ƙwayoyi da ake kira ilektoron. Idan abu biyu suka gogu, misali yadin roba da kujerar mota, ɗaya yakan kwashe ƙwayoyin ɗayan. Girkawa sun lura da haka tun kusan shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, da suka ga ƙaron da aka goga yana jan gashin tsuntsu. Ɗanka ma zai iya gwadawa da mataji da yagaggiyar takarda.

Me ya sa sai da hunturu? Da damina iska na da laima, laimar kuwa tana zarewa da lantarkin a hankali ba tare da an ji ba. Iskar hunturu da ke taso mana daga Sahara busasshiya ce, don haka abin ya yi ta taruwa har ya kai dubban bolt. Ƙarfe yana barin lantarki ya wuce, roba da leda kuwa riƙe shi suke yi. Shi ya sa mai takalmin roba ke yawo da shi, har sai ya taɓa ƙarfe ya fita gaba ɗaya a tartsatsi guda.

Ga lafiyayyen mutum wannan ba ya cutarwa, sai dai razana. Inda gizo ke saƙa shi ne kusa da fetur. Ba ruwan fetur ne ke fara kamawa ba, tururinsa ne, wanda ke tashi ko a tsananin sanyi. Ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya kwanta a kwata da rami, ido ba ya ganinsa. Tartsatsin da bai kai ka ji shi a yatsa ba ya isa ya kunna shi. Duk wanda ya tuna Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda sama da mutum 150 suka rasu a gobarar tankar da ta kife, ya san abin da tsayuwa cikin tururin fetur ke jawowa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, fetur da kansa yana tara lantarki idan yana gudu cikin tiyo ko yana zuba cikin jarka. Dalilin ke nan da ake maƙala wa tankar mai waya a haɗa ta da ƙasa kafin a fara sauke kaya. Masu janareto da 'yan bumburutu kuwa, waɗanda suka fi kowa juye-juyen mai, su ne ba kasafai ake zaunar da su a yi musu wannan bayani ba, kuma a ganina nan hukumomi suka yi sakaci.

In za ka sayi mai a jarka, sauke ta ƙasa tukuna. Kada a zuba tana cikin but, ko bayan a-kori-kura, ko ɗaure a kan babur. Bakin famfon ya riƙa taɓa bakin jarkar har a gama, a zuba sannu a hankali, a bar ɗan sarari a sama. Idan daga mota ka fito, dafa ƙarfen jikinta nesa da bakin tanki kafin ka matso. Juyen mai kuma a yi shi a fili inda iska ke kaɗawa, ba cikin ɗaki ko shago ba, janareto a kashe shi ya huce kafin a ƙara masa.