Kaka Ta Manta Sunanka, Tatsuniya Kuwa Tana Nan

Tsohuwa za ta kira jikanta, sai ta jero sunayen yayyensa uku kafin ta faɗo kan nasa, ko ta gaji ta ce, "Kai wane, zo nan." Da dare kuma ita ce za ta ɗauko tatsuniyar Gizo tun daga "ga ta nan ga ta nanku" har ƙurunƙus, ba ta tsallake gaɓa ko ɗaya ba. Mutanen gida kan yi saurin cewa gigin tsufa ya kama ta, alhali galibi ba shi ba ne. Kalmomin da mutum ya tara a ƙwaƙwalwa kan ci gaba da ƙaruwa har ya haura sittin. Saurin zaro su ne ke raguwa. A 1991 Deborah Burke da abokan aikinta a Amurka sun nuna cewa tsofaffi sun fi matasa fama da kalmar da suka sani sarai amma ta ƙi fitowa, kuma sunayen mutane ne kan gaba. Ba mamaki. "Tukunya" tana haɗe da murhu da miya da hayaƙi, ta ko'ina aka biyo za a cim mata. "Musa" kuwa siririyar hanya ɗaya gare shi, in ta toshe sai a tsaya cirko-cirko.

Wani zai ce ai tsofaffi kewaye-kewaye suke yi, a tambaye su Kano su bi ta Katsina. Haka ne, amma da aka bai wa masu sauraro labaran tsofaffi da na matasa su auna, sau da yawa na tsofaffin suka fifita. Kunne ma yana da laifi a nan: tsufa na fara cinye siraran sautuka irin su "s" da "f", sai ƙwaƙwalwa ta ƙarar da ƙarfinta wajen cike giɓi a cikin hayaniyar biki, a zaci fahimta ce ta tafi.

Ciwon mantuwa dai gaskiya ne, kuma harshe kan tona shi da wuri. Marubuciyar Birtaniya Iris Murdoch ta fitar da littafinta na ƙarshe a 1995, kafin a gano tana da cutar Alzheimer. Da aka ƙirga kalmominsa daga baya, sai aka tarar sun tsuke idan aka gwada da na littattafanta na farko. Ga bambancin mantuwar tsufa da ta ciwo. Sunan da ya kwanta wa kaka da hantsi yakan faɗo mata tana alwalar la'asar. Wadda ya kamata a kai asibiti ita ce mai maimaita tambaya ɗaya sau biyar, ko ta riƙe ludayi ta rasa me ake yi da shi.