Amsar Tambayoyinku: Ayaba Ɗaya Ta Dala Miliyan Shida

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa daga Kiru, ya aiko yana cewa wai shin gaskiya ne an sayar da ayaba ƙwaya ɗaya a kan miliyoyin daloli? In haka ne, wace irin ayaba ce?

AMSA: To Malam, gaskiya ne. A watan Nuwamba na 2024 aka yi gwanjonta a kamfanin Sotheby's da ke birnin New York na Amurka, wani attajiri Justin Sun ya saya a kan dala miliyan 6.2. Ayabar kuwa irin ta bakin titi ce, kuɗinta bai kai dala ɗaya ba. Wani mai fasaha ɗan Italiya, Maurizio Cattelan, shi ya fara manna ta a bango da salatif a 2019.

Sai dai ba ayabar aka saya ba. Abin da mai saye ya karɓa shi ne takardar shaida da umarnin yadda za a manna ta, in ta ruɓe a sake wata. Shi kansa attajirin cinye ta ya yi a gaban 'yan jarida. Wannan shi ake kira fasahar tunani, wato dabarar ita ce aikin, kayan kuwa abin ɗaukar saƙo ne kawai. Tun 1917 Marcel Duchamp, mutumin Faransa, ya kai mazubin fitsari wurin baje kolin zane don ya sa a yi muhawara kan mene ne fasaha.

Kada ka ga abin nesa yake. Dubi babbar riga mai aska takwas. A Zariya da Kano, mai zane ne ke fitar da fasalin a jikin yadi, sannan masu aikin hannu su bi da allura har watanni. Zare ko'ina akwai shi, amma fasalin daga kan mutum guda ya fito.

Har yanzu masana na gardama: wasu na cewa hikima ce, wasu na cewa wasan masu kuɗi ne. Abin lura a nan shi ne, dabara ma haja ce. In magini ko maɗinki ya ƙago maka sabon fasali, kada ka biya shi kuɗin kaya da gumi kaɗai. Amma fa kada ka manna ayaba a bangon shagonka kana jiran attajiri!

Da fatan ka gamsu. Sai mun ji daga gare ku.