Yadda Bango Ya Zama Allo

A ƙasar Meksiko, bayan yaƙin basasa, yawancin talakawa ba su iya karatu ba. Saboda haka Ministan Ilmi, José Vasconcelos, wanda ya kama aiki cikin 1921, ya tara gwanayen zane, ya ba su bangayen gidajen hukuma. Daga 1923 zuwa 1928 Diego Rivera ya cika na Ma'aikatar Ilmi da siffofin manoma da ma'aikata da bukukuwan ƙasar. Bisa ɗanyen yaɓe a kan shafa launin, in ya bushe su zama abu guda. Birni ya ƙawatu, wanda bai san baƙi ba kuwa ya karanta labarin ƙasarsa. Mu masu shirin koyarwa, lalle mu lura, ba cikin littafi kaɗai ilmi ya ke ba.