Gero, Maiƙo da Gudun Dogon Zango

A ƙasar Gobir, daga Sabon Birni har Isa, cimar yawancin gidaje gero ce da dawa da wake, nama kuwa sai jifa-jifa. Shin ɗalibin da ya tashi da irin wannan abinci zai iya gudun dogon zango?

Wani bincike da aka buga a shekarar 2004 kan gwanayen 'yan tseren Kenya ya nuna cewa kusan kashi 77 cikin 100 na kuzarinsu daga sitaci da sukari yake, kashi 13 kacal daga maiƙo. Tuwon masara ne ginshiƙin cimarsu, ga madara da ɗan nama. Dalili kuwa shi ne, jiki yakan mai da sitaci wani sinadari mai suna gilaikojin, ya adana kimanin giram 500 a tsoka da hanta, kuma shi tsoka ta fi ƙonawa idan gudu ya yi tsanani. Fura da tuwon gero suna cika wannan rumbu.

Sai dai yanke maiƙo ɗungurungum ganganci ne. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, na sitaci 4, don haka cikin mai gudu yakan cika alhali jikinsa bai sami isasshen kuzari ba. Bitamin A da D da E da K ma hanji ba ya tsotsarsu sosai sai da maiƙo. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, wanda wasu ke rainawa, yana maganin wannan.

Bitamin B12 kuwa babu shi a gero ko wake, ƙarancinsa kuma yana kawo ƙarancin jini da saurin haki. Wanda ba ya cin nama, nonon da ake dama masa fura da shi ne madogararsa.